Dogon Hutun Makaranta Da Gidajenmu

Wannan jawabi ne da wani tsohon hedimasta, wanda yanzu yake duba azuzuwan yaƙi da jahilci, ya yi wa ɗalibai manya, maza da mata, a Ƙauyen Alu cikin ƙaramar hukumar Tarauni. Ya yi shi ne a makon da aka ba yara hutun ƙarshen shekara. Mun buga shi don amfanin masu karatunmu na birni da ƙauye. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.



Mai Unguwa, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman, Allah ya gafarta Malam. Iyayena maza da mata, ƙannena ɗaliban wannan aji, barkanku da yamma. Na gode da kuka bar sana'o'inku kuka zo, ga shi kuma hadari ya haɗo a gabas.

An ce in yi magana a kan hutun makaranta. Da wani abokina ya ji, sai ya yi dariya. Ya ce, hutu kuma har wata magana gare shi? Na ce masa, je ka tambayi matar da take da 'ya'ya shida a ɗaki biyu. Ko ka tambayi malamin aji uku ranar da aka koma makaranta. Za ka sha labari.

Bari mu fara da sanin yadda shekarar makaranta take. Kashi uku ce. Kowane kashi ana ce masa zango. Zango na ɗaya daga Satumba zuwa Disamba. Na biyu daga Janairu zuwa wajen Maris ko Afrilu. Na uku daga nan zuwa wajen ƙarshen Yuli. Kowane zango kamar mako 12 ne ko 13. Tsakanin zango da zango akwai ɗan gajeren hutu. Bayan zango na uku sai babban hutu, wanda yakan kai mako shida, wata shekarar ya ɗara. Shi ne muka shiga yanzu.

Ma'aikatar Ilimi ta jiha ce take fitar da wannan tsari kowace shekara. Takarda ce guda, ana ce mata kalandar makaranta. Tana ofishin kowane hedimasta. Ba sirri ba ce. Amma in na ce wanda ya taɓa ganinta ya ɗaga hannu, na san hannu nawa zan gani.

Wannan tsari mutane ne suka zauna suka yi shi, kuma sun sha canza shi. A da, shekarar makaranta a Nijeriya tana farawa ne a Janairu, ta ƙare a Disamba. A 1973 aka mayar da farkonta Satumba. Waɗanda suke makaranta a wannan shekara wata shida kawai suka yi a aji, aka ciyar da su gaba. Shi ya sa da Janar Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, a watan Satumba ya yi. Wajen ƙarshen shekarun 1980, lokacin da Farfesa Jibril Aminu yake Ministan Ilimi, aka koma Janairu. Ba a daɗe ba, a farkon shekarun 1990, aka sake dawowa Satumba. A kai muke har yau.

A Ingila ma a Satumba ake fara shekarar makaranta, a yi dogon hutu a Yuli da Agusta. A can lokacin ne rana take fitowa sosai bayan sun sha dogon sanyi. Mu kuwa Agusta marka ce.

HUTU DA AIKIN GONA

Sau da yawa nakan ji mutane suna cewa ai hutun ya yi daidai, tunda a damina yake zuwa, yara za su taya iyayensu noma. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Da yawanku kuna da gona a ƙauye, kun fi ni sanin aikin. To, mu bi shi daki-daki.

A ƙasar Kano ruwan shuka yakan sauka a Yuni, wata shekarar tun ƙarshen Mayu. Ranar shuka babu hannun da ba a bukata. Uba yana gaba yana sara, yara suna bin sa suna zuba iri suna takewa. Shuka ba ta jira, in laima ta tafi an yi asara. A wannan lokaci yara suna tsakiyar zango na uku. Bayan mako biyu ko uku sai noman firi. Shi ma ba ya jira, don ciyawa tana rige-rige da shuka. Firi yakan faɗo ne kusa da jarrabawar ƙarshen shekara, wadda da ita ake ciyar da yaro aji na gaba. Sai uba ya tsaya yana waswasi: gona ko jarrabawa?

Ranar da aka ba da hutu, an gama shuka, an ci ƙarfin firi. Saura maimai da huɗa. Yara za su taimaka a nan, babu shakka. Amma kafin ƙarshen Agusta aiki ya lafa, gero ya fitar da kai, ana jiran ya nuna. Ana shiga Satumba, an fara gasa tumu, an wasa magirbi, sai a ce makaranta ta koma. Girbin gero, cirar gyaɗa, roron wake, har yankan dawa wajen Nuwamba, duk a cikin zango na ɗaya suke faɗowa. Wato hutun ya kama tsakiyar damina, ya bar farkonta, ya bar kaka.

Na yi shekaru ina koyarwa a wani ƙauye. A watan Oktoba, in na buɗe rajista ina kiran suna, nakan ji "ya tafi gona", "ta tafi roro", har in gaji. Ban taɓa ganin laifin iyayen gaba ɗaya ba. Abin da za a ci shekara ake ƙoƙarin shigarwa rumbu kafin dabbobi su shiga.

Ku duba makarantar allo. Magabata sun tsara ta ne da gona a gabansu. Bayan an gama kaka malam yakan ɗebi almajiransa a tafi neman karatu. Ruwa na sauka su dawo gida a yi noma. Ba ina yabon barar da muke gani yau a kan titi ba ne. Tsarin lokacin nake nuna muku. Karatu da noma ba su yi karo ba.

In da za a tambaye ni, ni da sai in ce a makarantun ƙauye a rage mako biyu daga hutun Agusta, a ba da su a Oktoba lokacin kaka. Amma na san abin ba sauƙi gare shi ba. Jarrabawar WAEC ta fita daga sakandare wajen Mayu da Yuni ake yin ta, kuma ba Nijeriya kaɗai ba ce, har da Gana da Saliyo da Laberiya da Gambiya. Ita kalandar makaranta tana ɗaure da wannan. Duk da haka, abin da mutum ya tsara, mutum yana iya gyara shi. A 1989 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ilimin makiyaya, kuma a makarantun 'ya'yan Fulani an yarda a daidaita lokacin karatu da lokacin kiwo. To, manomi ma yana da baki. Kowace makarantar gwamnati tana da kwamitin kula da makaranta, da ƙungiyar iyaye da malamai. A can ake kai irin wannan magana, daga can ta wuce ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In bai faɗa ba, wa zai sani?

Maƙwabtanmu na Nijar hutunsu ya fi namu tsawo. Sukan tashi wajen ƙarshen Yuni, sai farkon Oktoba su koma, kusan wata uku ke nan. Su hutun ya haɗa da firi da farkon girbi. Amma su ma da tasu matsalar. A ƙauyuka da yawa azuzuwan rumfar kara ne, ba a iya kafa su sai an yi girbi an sami kara. A 2024 ma sai da gwamnatinsu ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliyar ruwa. Yaron da ya yi wata huɗu bai ga allo ba, ku ƙiyasta abin da ya rage a kansa.

INDA BABU GONA

Yanzu mu dawo gida. Sunan unguwar nan ma ya ba da labarinta. Ƙauye ce a da. Dattawan da suke zaune a nan sun san lokacin da gonaki suka kewaye ta, har zuwa Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku. Yau gari ya cinye gonakin, sun zama fulotai da gidajen haya. Yaron Ƙauyen Alu ya sami hutun damina, amma ba shi da gonar zuwa. Gari ya waye, ya sha koko, sai me?

Iyayena mata, ku ne wannan nauyi ya fi hawa kanku. Lokacin makaranta, daga ƙarfe bakwai da rabi zuwa azahar gida shiru. A lokacin ne mace take yin ɗinkinta, ko saƙarta, ko ta zo wannan aji. Da an ba da hutu shi ke nan. Ga ruwa yana hana yara fita, ga ɗaki ya yi kaɗan, ga rabon faɗa daga safe har dare. Malamar ajin mata ta gaya mini, duk shekara a watan Agusta ɗalibanta sukan ragu. To kun ga hutun yaro ya ci karatun uwa.

Ga kuma maganar tukunya. Wanda yake da ɗa ko 'ya a makarantar kwana ya san bambanci. Suna dawowa, kwanon masarar da yake kwana biyu ya koma kwana ɗaya. Kuma Agusta shi ne lokacin da hatsi ya fi tsada, tsoho ya ƙare, sabo bai shigo ba.

Saboda haka sai talla ta ƙaru. Ku je tashar Unguwa Uku a cikin hutun nan, ko ku bi bakin Titin Zariya da Titin Maiduguri. Za ku ga 'yan mata ƙanana da farantin dafaffiyar masara da gyaɗa, suna kutsawa tsakanin motoci da adaidaita-sahu. Ba zan tsaya a nan in ce kowa ya daina ɗora talla ba. Na san gidajen da sai farantin ya dawo ake ɗora tukunya. Na san da kuɗin ne wasu suke tara kayan ɗaki. Amma ina roƙonku abu biyu. Yarinya ta dawo gida kafin magariba. Kuma kada a tura ta cikin tasha ko shagon samari. Ribar masara ba ta kai abin da ake iya rasawa a can ba.

'Yan maza kuma, wasu sukan bi masu jari-bola, wasu su zama yaran mota, wasu su yini a gidan kallo. Abin da na fi tsoro a damina shi ne kududdufi. Duk shekara sai mun ji a rediyo cewa jami'an kashe gobara sun ciro gawar yaro daga kududdufi a cikin Kano. Yara ne da suka je wanka, iyayensu suna zaton suna ƙofar gida. Allah ya kiyaye mana zuri'a.

Akwai wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba. Yaron da ya yi mako shida yana samun kuɗi a hannunsa, komawa aji takan yi masa wuya. Ya ɗanɗana. Sai ka ji yana cewa, me zan samu a makaranta? Irin wannan yaro ba duka yake bukata ba. A zaunar da shi, a ce kuɗin da ya samu ya sayi littattafansa da takalminsa da su. Sai ya ga aikin nasa hanyar komawa makaranta ce, ba hanyar barinta ba.

Kada ku ce na ɓata hutu gaba ɗaya. Yana da amfani ga wanda ya tsara shi. Mako shida sun isa yaro ya fara riƙe almakashi a wurin tela, ko ya san sunayen kayan aiki a wurin kafinta ko mai gyaran waya. Ka kai shi da kanka, hannu da hannu, ka san wanda ka ba. Wanda yake da dangi a ƙauye ya tura yaro can. Zai ga kakarsa, ya san 'yan'uwansa, ya koyi riƙon fartanya, ya san cewa tuwo ba a kanti yake tsirowa ba. Islamiyyu da yawa kuma ba sa rufewa a wannan lokaci, sai yaro ya ƙara ƙaimi a haddarsa.

KARATU YANA TSATSA

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna.

Ku da kanku shaida ne. Wanda ya yi wata guda bai zo wannan aji ba, in ya dawo me yake faruwa? Sai ka ga "b" da "d" sun rikice masa. Ya rasa inda ake sa ƙugiyar "ɗ" da ta "ƙ". Hannu ya yi nauyi a kan fensir. To, in haka ta sami babba mai hankali, ina ga yaron aji biyu da bai daɗe da fara haɗa baƙi da wasali ba? Fartanyar da aka yar a cikin ruwa mako shida, ai sai an kai ta maƙera. Duk malamin firamare ya san cewa a Satumba sai ya koma baya ya maimaita aikin bara kafin ya taɓa na bana. A Amurka ma, inda hutunsu yakan wuce mako goma, masana sun daɗe suna magana a kan wannan mantuwa.

Kuma mantuwar ba ɗaya take ga kowa ba. Ɗan mai hali ana ɗaukar masa malamin lesin, ga littattafai a gida. Ɗan talaka ya rataye jaka ranar hutu, ba zai sake taɓa ta ba sai ranar komawa. Wani ma in ya buɗe jakar sai ya tarar babu littafin, an yayyage an ƙunshe ƙosai da gyaɗa da shi. Na ga wasu suna dariya. Ni na sha sayen ƙosai in ga makin da na ba yaro da jan biro a jikin takardar.

A da kuna iya cewa, mu ba mu yi boko ba, me za mu yi? Yanzu wannan hanzari ya ƙare, tunda kun iya karatu. Ba lesin nake nema a wurinku ba. Minti goma sha biyar kawai a rana, bayan sallar asuba ko bayan la'asar. Ka ɗauki wannan jarida ta Hukuma, ka karanta layi ɗaya, yaro ya karanta ɗaya. In ya fi ka iyawa, ba abin kunya ba ne, ka bar shi ya gyara maka. Yaro yana son ya ga ya koya wa babansa abu. In kun fita tare, ya karanta maka allon shago da rubutun bayan mota. In an aiko saƙo a waya, shi zai karanta. Yarinya mai talla a ba ta littafi ta riƙa rubuta abin da ta fita da shi, da abin da ta sayar, da canjin da ya rage. Lissafi ke nan. Wanda ya tafi ƙauye ya tafi da littafinsa, ya rubuto sunayen gonaki da yawan damin da aka ɗaure.

HUTUN DA MUKE ƘARA WA KANMU

Gwamnati ta ba da mako shida. Amma mu nawa muke yi? Ranar komawa ta zo, sai ka ji uba yana cewa, bari sai mako mai zuwa, makon farko ai shara ake yi. Malami ya zo ya tarar da yara goma a aji, ya ce ba zai fara darasi ba sai sun cika. Yaran goma su koma gida su ce ba a komai. Iyaye suna jiran malamai, malamai suna jiran iyaye. Mu malamai ma da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Akwai wanda shi kansa sai mako na biyu ake ganinsa.

Ku ɗauki fensir mu yi lissafi tare. A ce yaro yana makara mako 2 a farkon kowane zango. Zango 3 ne a shekara. Mako 2 sau 3, mako 6 ke nan. Firamare shekara 6 ce. Mako 6 sau 6 nawa ke nan? Madalla, Hajiya ta faɗa, 36. To, karatun shekara guda gaba ɗaya bai fi mako 36 zuwa 39 ba. Wato yaron ya yi shekara shida yana sa yunifom, amma karatun shekara biyar ya samu. Ban sa ranar kasuwa ba, ban sa ranar biki da suna ba. Wannan shekara guda ba gwamnati ce ta cinye ta ba.

Na san babban dalilin makarar Satumba. Kuɗi ne. Manomi ya zuba abin hannunsa a taki da ƙodago, bai sayar da komai ba tukuna. Na birni kuma tsadar hatsi ta tatse shi. Ga yunifom ya yi kaɗan, ga takalmi ya tsinke, ga littattafan sabon aji. Sai a ce yaro ya jira a sayar da gero. Shawarata ita ce, tun yau a fara tanadi, ba sai ana gobe komawa ba. Matan wannan aji suna da adashi. Me zai hana a yi wani ƙarami na mako shida, a kwashe shi a makon komawa? In kuma abin bai samu ba, yaro ya tafi da tsohon yunifom ɗinsa. Uba ya bi shi ya yi wa hedimasta bayani. Duk shekarun da na yi a ofis, ban taɓa korar yaron da ubansa ya tako ya gaya mini gaskiya ba. Haka wanda ya zo neman a ba shi ɗansa kwana ɗaya ranar shuka ko ranar ɗaurin gero. Wanda yake ba mu wahala shi ne wanda ba a gan shi ba, ba a ji daga gare shi ba.

Akwai hutu guda da ya fi kowane haɗari, shi ne wanda yake tsakanin aji shida da ƙaramar sakandare. Yaro ya bar tsohuwar makaranta, bai shiga sabuwa ba. Babu rajistar da take kiran sunansa. In bai je ba, babu malamin da zai aiko a tambaya. Na taɓa koyar da wata yarinya wadda duk ajin babu mai kama ta a lissafi. Ta ci jarrabawa, sunanta ya fito. A cikin hutu aka ce ta ɗan taya uwarta talla kafin a koma. Aka koma, aka ce sai an sami kuɗin yunifom. Kaka ta wuce, aka ce ai zango ya yi nisa, sai baɗi. Baɗi ba ta zo ba. Babu wanda ya zauna ya yanke shawarar cire ta daga makaranta. Hutun ne kawai bai ƙare ba. Na haɗu da ita bayan shekaru da goyo, ta gaishe ni, ta ce, Malam, har yanzu ina iya dogon rabawa.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara ne wajibi a kan kowane yaro, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. A 2019 gwamnatin Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole har zuwa sakandare. Saboda haka wanda yake da ɗan aji shida, a cikin hutun nan ya je ya binciki makarantar da aka tura shi. Kada ya jira a aiko masa. Wadda kuma ta riga ta yi aure, ƙofa ba ta rufe ba. Hukumar Ilimin Manya, wadda marigayi Gwamna Abubakar Rimi ya kafa a 1980, tana da azuzuwa da cibiyoyin mata saboda irinta.

Kafin in zauna, wani ya tambaye ni a waje game da hutun azumi. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kamar kwana 11, shi ya sa azumi yake zagayawa. A 2011 a watan Agusta ya faɗo, cikin dogon hutu, babu wanda ya yi magana. A 2025 kuwa a watan Maris ya zo. Jihohin Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi suka daidaita hutun zango na biyu da shi. A Kano an tashi ranar 28 ga Fabrairu, 'yan jeka-ka-dawo suka koma ranar 7 ga Afrilu, mako biyar ke nan. Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, wato CAN, ta nuna rashin amincewarta, aka yi ta muhawara a rediyo da jaridu. Ni a ganina, yaro mai azumi a cikin zafin bazara, a ajin da ya cika maƙil, ba wani karatun kirki zai yi ba, malaminsa ma haka. Amma masu ƙorafin suna da hujja a wuri guda, wato 'yan ajin ƙarshe da jarrabawa take gabansu. Tambayar da ya kamata iyaye su riƙa yi ita ce: kwanakin da aka ɗauka, a ina za a biya su? In an tsawaita wannan hutu, a rage wancan.

Mun ga abin da dogon zama yake yi a 2020, lokacin cutar korona. An rufe makarantu a Maris, yawancin yara sai Oktoba suka koma. Ku tuna yara nawa ne a layinku da ba su sake komawa ba tun daga lokacin.

Na karɓo kalandar makaranta daga hannun hedimasta, na ba malaman ajinku. A darasi mai zuwa za su rubuta ta a allo. Kowa ya kwafe ta da hannunsa, musamman ranar komawa ta 'yan kwana da ta 'yan jeka-ka-dawo, don ba rana ɗaya ba ce. A liƙa takardar a bangon ɗaki inda maigida da uwargida da yaro za su riƙa ganinta. Wanda ɗansa zai tafi ƙauye, ya gaya wa mutanen can ranar tun yanzu, kuma ya ajiye kuɗin motar dawowa.

To, ga yayyafi ya fara. Iyayena mata masu shanya a waje, na san hankalinku ya tafi gida. Mai tambaya ya same ni a baranda.  Malam Liman, a rufe mana da addu'a.